LNP, Lipofectamine, folima ko bairas: wanne zai kai maka siRNA cikin ƙwayar daji a ɗakin gwaji na Gombe?

Tun da aka yi wa jama'a rigakafin korona na Moderna da Pfizer, sunan LNP, wato ɗan ƙwanson maiƙon da ke ɗauke da RNA ya shigar da shi cikin ƙwayar halitta, ya zauna a bakin ɗaliban kimiyya. Mai shirin digiri na biyu ko na uku a Jami'ar Jihar Gombe ne, ko ta Tarayya da ke Kashere, ko likita mai neman ƙwarewa a Asibitin Koyarwa na Tarayya, in dai bincikensa ya haɗa ciwon daji da RNA, sai ka tarar ransa ya biya ga wannan ɗan ƙwanson maiƙo. Ina ganin dalilinsa, don fasaha ce ta gaske da ta riga ta amfani miliyoyin mutane. Sai dai LNP hanya ɗaya ce cikin hanyoyi da dama, kuma ba kowace tambaya ce ke buƙatarsa ba. Na rubuta wannan domin wanda ya riga ya san umarnin gadon da yake son rufe wa baki, ya tsaya yana jinjina abin da zai ɗaukar masa saƙon, ga kuɗin bincike ƙalilan, ga wa'adin karatu na ƙurewa.

Magana ɗaya tukuna ga wanda ya iso nan don yana jinyar wani nasa. Har yanzu babu maganin siRNA (guntun RNA mai rufe bakin umarnin gado) ko ɗaya da hukumomin magunguna suka amince a ba mai ciwon daji. Waɗanda aka amince da su na wasu cututtuka ne da tushensu ke cikin hanta. Duk wanda ya tallata maka wata allura ya ce ita ce wannan sabuwar fasaha, kuɗinka yake nema. Tiyata da kemo da gashin daji da maganin homon su ne abin da ke hannu, kuma a asibiti ake samunsu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Inda gizo ke saƙa

Idan ƙwayar halitta za ta ƙera wani furotin, sai ta kwafo umarninsa daga DNA zuwa saƙon mRNA, saƙon ya tafi inda ake ƙira. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna a jikin wata 'yar tsutsa cewa RNA mai igiya biyu na sa ƙwaya ta lalata saƙon da haruffansa suka yi daidai da nasa, aikin da ya ba su lambar Nobel a 2006. A 2001 ɗakin gwajin Thomas Tuschl a Jamus ya nuna cewa guntaye masu haruffa 21 na yin wannan aiki a ƙwayoyin ɗan Adam. Su ne siRNA. Da zarar ya shiga, gungun furotin mai suna RISC zai riƙe igiya ɗaya, ya bi ta ya nemo saƙon, Argonaute 2 ya datse shi. Idan furotin ɗin da aka hana ƙerawa shi ne ke hana ƙwayar daji mutuwa, ko shi ke ingiza ta rabuwa, ka ga inda fatan yake.

Shigar ce aiki. Nauyin siRNA ya kai kusan dalton 13,000, ga cajin negetif a jikinsa, fatar ƙwaya kuma ba ta barin irinsa ya ratsa. A cikin jini akwai enzayim masu cinye RNA, wanda ya tsira kuma ƙoda ta tace shi ya fita a fitsari cikin mintuna. Ko ƙwayar ta haɗiye shi, cikin wata 'yar jaka mai suna endosom yake faɗawa, wadda ƙarshenta narkarwa ce. Duk hanyoyin da za mu duba, wannan shinge suke ƙoƙarin tsallakewa.

Ma'aunan da za ka riƙe

Na farko, wanda ya fi sauran nauyi: ina za ka kai saƙon? Ƙwayoyin da ke manne a farantin gwaji, irin su MCF-7 na mama, HepG2 na hanta, HeLa na bakin mahaifa, ba su da jini, ba hanta, ba ƙoda, ba garkuwar jiki. Rabin dabarun da aka zuba a LNP don tsallake jinin da gaɓoɓin nan da garkuwar jiki aka yi su. Mai aiki a faranti da mai aiki a jikin ɓera buƙatarsu ba ɗaya ba ce.

Na biyu kuɗi, kuma ba kuɗin kwalba kaɗai ba. Ka lissafa injin da za ka haɗa abin da shi, da wanda za ka auna shi, da canjin dala ranar biya, da ladan dillali a Legas ko Ibadan, da ɗauko shi cikin sanyi har Gombe.

Na uku ɗorewa, wadda ta kasu biyu. Akwai ɗorewar abin a ajiye, a garin da zafin Maris da Afrilu kan taɓa digiri 40 kuma wuta na iya ɗaukewa tsakar dare. Akwai kuma ɗorewar aikinsa a cikin ƙwaya: kwana nawa bakin zai zauna a rufe.

Na huɗu sauƙi, wato hannun da ake buƙata da kayan aikin da ke kusa da kai. Na biyar haɗari: ga ƙwayoyin, ga kai mai aikin, da kuma ga gaskiyar sakamakon. Wannan na ƙarshen shi aka fi sakaci da shi, zan dawo kansa.

Abu ɗaya ya haɗa duka hanyoyin. Ƙwayoyin daji na son inkubeta mai digiri 37 da iskar CO2 kashi 5 cikin ɗari, dare da rana. Idan ba ta kan sola da batir, ko wani tsayayyen tanadi, wannan za a fara gyarawa kafin a yi odar komai. Shi kansa siRNA ba shi da rigima wajen sufuri, don a bushe ake aiko shi, yana jure tafiya, sai ka narkar da shi ka rarraba a ƙananan tiyub ka sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili. Lokacin hunturu kuwa ka kula da ƙura, safar hannu da ruwan da ba shi da enzayim mai cin RNA ba kwalliya ba ne.

Lipofectamine da 'yan uwansa

Wannan ita ce tsohuwar hanya, asalinta aikin Philip Felgner na 1987. Maiƙo ne mai cajin fositif na dindindin, yana kama RNA, yana manne wa fatar ƙwaya. Nau'in RNAiMAX na kamfanin Thermo Fisher don siRNA aka tsara shi.

Aikin duka bai wuce rabin awa ba. Tiyub biyu a gabanka. A ɗaya ka tsarma siRNA cikin ruwan rainon da babu ruwan jini a ciki, a ɗayan ka tsarma ɗigon maiƙon. Ka haɗa su, ka ɗan jira mintuna, sannan ka riƙa ɗigawa a kan ƙwayoyin kana ɗan karkaɗa farantin a hankali don ya bazu. Ba ka ganin komai ya canja, ruwan na nan da launinsa ja-ja. Bayan awa 24 zuwa 48 ka ciro RNA ka auna yawan saƙon da ya rage da gwajin qPCR, bayan awa 48 zuwa 72 ka duba furotin. Ƙarfin nanomola 10 kan wadatar a yawancin ƙwayoyin da ba su da taurin kai.

Kwalbar 'yar mitsitsiya ce, kuɗinta ɗaruruwan daloli, amma maikrolita kaɗan kowane ramin faranti ke sha, don haka ɗalibai uku na iya haɗa kuɗi ta ishe su. Firji take so, digiri 4, ba a daskarar da ita. Aikinta a ƙwaya na 'yan kwanaki ne, don duk rabuwar da ƙwayar daji ta yi rabon siRNA na raguwa, kafin mako ya zagayo furotin ya fara dawowa. Idan aka cika shi yana kashe ƙwayoyi. A jikin dabba kuwa ba wurinsa ba ne: cajinsa na sa ya cure da furotin ɗin jini, ya maƙale a huhu da hanta, ya yi guba.

LNP

Abu huɗu ake haɗawa. Akwai maiƙo mai sauya caji, akwai DSPC mai riƙe siffa, akwai kolestarol, sai maiƙon da aka ɗaura wa PEG don kada ƙwansunan su cure. Rabon da aka fi sani shi ne 50 da 10 da 38.5 da 1.5. Girman ƙwanso ɗaya bai kai nanomita 100 ba. Yawancin wannan ilmi ya fito ne daga ɗakin gwajin Pieter Cullis a Jami'ar British Columbia ta Kanada da kamfanonin da suka tsiro daga can.

Hikimar duka na cikin na farkon. A ruwa mai tsami, pH 4, yana ɗaukar cajin fositif ya rungume RNA. A jini, pH 7.4, sai ya sauke cajin ya zama kusan ba ruwansa da kowa, shi ya sa bai da gubar tsohon maiƙo. Idan ƙwaya ta haɗiye shi, tsamin endosom ya fara ƙaruwa, sai ya sake ɗaukar caji, ya cakuɗe da bangon jakar ya yaga shi. Maiƙon MC3 yana juyawa ne a wajen pH 6.4, kuma shekaru aka kwashe ana gwada ɗaruruwan maiƙo kafin a gane nan ne daidai. Duk da haka, binciken ɗakin Marino Zerial a Dresden a 2013 ya nuna kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari kacal na siRNA ɗin da aka haɗiye ke kuɓuta daga jakar. Ɗan wannan ne ke yin aikin.

Shaidar nasararsa ita ce patisiran, mai sunan kasuwa Onpattro, na kamfanin Alnylam, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a Agustan 2018. Shi ne maganin siRNA na farko a duniya. Cutar gado yake magani, wadda hanta ke ƙera gurɓataccen furotin transthyretin ya taru a jijiyoyi. Ƙarin ruwa ake yi duk mako uku, miligiram 0.3 ga kowane kilo, bayan an ba mara lafiya dexamethasone da farasitamol da magungunan alaji don kada jiki ya tayar. Farashinsa na farko ya kai dala 450,000 a shekara.

Ka lura da gaɓar da ya yi nasara a cikinta. LNP na shiga jini sai furotin ApoE ya lulluɓe shi, ƙwayoyin hanta kuwa suna da ƙofar karɓar abin da ApoE ya rako, ga jijiyoyin jinin hanta masu ramuka. Ko ka so ko ka ƙi, hanta zai nufa. Ga mai binciken dajin hanta wannan labari ne mai daɗi, kuma dajin hanta namu ne: binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin ɗari na manyan Najeriya na ɗauke da cutar hanta nau'in B, ga gubar aflatozin da ke tsirowa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, a yankin da noman su ne abincinmu. Amma ko a nan a yi hattara, lafiyayyun ƙwayoyin hanta kan riga ƙarin dajin kwashe rabo mai yawa.

Ga dajin mama ko na mafitsara ko na bakin mahaifa, lissafin ya fi tsauri. An daɗe ana dogara da abin da Maeda da Matsumura suka bayyana a Japan a 1986, cewa jijiyoyin jinin ƙari na yoyo, don haka ƙananan ƙwansuna za su tsiyaya ciki su taru. A ɓera hakan na faruwa daidai gwargwado, a mutum bai da tabbas. A 2016 ƙungiyar Warren Chan a Toronto ta tattara binciken shekara goma, ta samu tsaka-tsakin abin da ke isa ƙari kashi 0.7 cikin ɗari ne na abin da aka yi allura. An yi ta muhawara kan yadda suka yi lissafin, amma babu mai cewa rabon na da yawa.

Tarihin gwaji a jikin mutane ma haka ya nuna. Wani LNP mai suna ALN-VSP ya ɗauki siRNA biyu, na furotin VEGF da na furotin KSP, ga masu dajin da ya taɓa hanta, an ga alamar datse saƙon a naman da aka ɗebo, amma bai kai ga zama magani ba. TKM-080301 mai nufin PLK1 an gwada shi a dajin hanta, amfanin bai kai a ci gaba ba. Kamfanin Dicerna ya dakatar da DCR-MYC a 2016. A shekarar dai aka tsayar da gwajin MRX34, wani ƙwanson maiƙo mai ɗauke da ƙaramin RNA na daban, bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta tayar har aka rasa rayuka. Ban kawo wannan don in karya maka gwiwa ba. Na kawo ne don kada ka rubuta a takardar neman izinin bincike cewa an gama warware matsalar, alhali gurbin aikin na nan a buɗe.

Haɗa shi fa? Maiƙon huɗu a narkar cikin itanol, siRNA a ruwan sitiret mai pH 4, a gauraya kashi ɗaya na itanol da kashi uku na ruwan cikin sauri ƙwarai, sannan a wanke itanol ɗin ta jakar tacewa cikin ruwan gishiri mai pH 7.4. Manyan ɗakunan gwaji da inji suke gaurayawa, irin NanoAssemblr, mai kuɗin da ya fi ƙarfin tallafin ɗalibi nesa ba kusa ba. Ana iya yi da sirinji biyu da mahaɗa mai siffar T, ko ma da fifet da saurin hannu. Ƙwansunan za su fi girma, ba za su zo kai ɗaya ba, amma suna aiki. Inda ake maƙalewa shi ne awo. Dole ka san girmansu, wanda ke buƙatar inji irin Zetasizer, dole ka san kashi nawa na RNA ya shiga ciki, wanda ke buƙatar gwajin RiboGreen da injin karanta haske. Wanda bai auna waɗannan biyun ba, ba shi da hujjar cewa LNP ya haɗa. Ka nemi inda injin yake, ka samu alkawarin amfani da shi a rubuce, kafin ka sayi maiƙo.

Wajen ajiya, maiƙon da ba a haɗa ba firiza yake so. Wanda aka haɗa firji, digiri 2 zuwa 8, kamar yadda ake ajiye Onpattro, kuma daskarewa na ɓata shi in ba a sa sukari mai karewa ba. Na hannu gara a yi amfani da shi cikin kwanaki. Haɗarinsa ga mai aiki kaɗan ne. Ga dabba akwai kumburin hanta da tashin garkuwar jiki idan aka cika.

Sai batun dabbar kanta. Fararen ɓerayen da aka saba samu ba sa karɓar ƙwayoyin dajin mutum, garkuwarsu za ta kashe su. Ko dai ɓeraye marasa garkuwa, masu buƙatar ɗaki mai tsabta ta musamman, ko ƙwayar dajin ɓera a cikin jinsin da ta fito, kamar 4T1 a BALB/c. Ɓera mai giram 25 a kan miligiram 1 ga kilo na shan maikrogiram 25 duk allura. Ninka da yawan ɓeraye da yawan allurai, ka ga siRNA ɗin da ya ishi faranti shekara ba zai kai ko'ina ba a nan.

Folima: citosan da PEI

A nan talaka ke numfashi. Folima dogayen sarƙoƙin sinadari ne, waɗanda muke magana a kansu kuma suna dunƙule RNA su shigar da shi ƙwaya. Citosan daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake samo shi, gari ne da ke zama a kan kanta ba firji, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Ka narkar da shi a ruwan asid na asetik kashi 1 cikin ɗari, ka ɗora a kan injin motsawa, ka riƙa ɗiga ruwan TPP, sinadarin da ke ɗaure sarƙoƙin citosan, mai ɗauke da siRNA ɗigo-ɗigo. Ruwan da yake garau sai ya fara dusashewa, ya koma kamar ruwan wankin shinkafa na ƙarshe. Nan ne ƙwansunan suka haɗu. Idan ya yi fari fat har abu na kwantawa a ƙasa, ka zarce, sai sabon lale.

Rauninsa shi ne a pH 7.4 yana rasa cajinsa, ya cure ko ya saki kayan tun bai isa ba. Ga shi kowane gwangwani da halinsa, don tsawon sarƙar da yawan cajin na bambanta daga wannan zubi zuwa wancan. Ƙarfin rufe bakinsa yawanci bai kai na maiƙo ba. PEI kuwa, wanda ɗakin Jean-Paul Behr a Faransa ya gabatar a 1995, ya fi ƙarfi, ga arha, yana fasa endosom da kyau. Amma mai guba ne, musamman nau'in reshe mai nauyin dalton 25,000, kuma ya fi riƙe dogon DNA fiye da guntun siRNA.

Nan zan dawo kan gaskiyar sakamako. Ɗalibi ya zuba PEI da siRNA, ya yi gwajin MTT mai auna yawan ƙwayoyin da ke raye, ya ga rabin ƙwayoyin sun mutu, ya yi murna. Wa ya kashe su? Ba za a sani ba sai akwai rami na gefe da aka zuba wa PEI ɗin dai, daidai wannan yawan, ɗauke da siRNA na bogi wanda ba ya nufin kowane saƙo. In su ma sun mutu, ɗan aiken ne ya yi kisan. Haka kuma sai an nuna da qPCR cewa saƙon ya ragu, sannan a maimaita da siRNA na biyu mai haruffa daban a kan wannan saƙon, don kowane siRNA kan taɓa wasu saƙonnin da ba a aike shi ba. Wannan ƙa'ida ta hau kan kowace hanya a rubutun nan, a kasafin kuɗi kuma siRNA uku ke nan, ba ɗaya ba. Idan kuɗi ya gaza, gara a rage yawan nau'in ƙwayoyin da a cire ramin gefe.

Kada a raina folima. Shaidar farko ta cewa siRNA da aka sa ta jini ya yi aiki a ƙarin ɗan Adam daga CALAA-01 ta fito, folimar sukari ta Mark Davis na Caltech, an buga a 2010. Akwai kuma siG12D-LODER, ɗan ƙullin folimar PLGA da ake dasawa cikin ƙarin dajin fankiriyas kai tsaye, ya riƙa sakin siRNA na KRAS, umarnin da ke ingiza dajin, a hankali. Dabarar tasa abin koyi ce gare mu: maimakon bin jini, a kai abin har inda ciwon yake.

Lentibairas mai ɗauke da shRNA

Wannan ba siRNA yake kaiwa ba, umarnin ƙera shRNA, wanda ƙwaya ke datsawa ya zama siRNA, yake dasawa cikin DNA na ƙwayar, ta riƙa yi da kanta har 'ya'yanta da jikokinta. Daga HIV aka sassaƙo shi, an cire masa abin da zai hayayyafa. Filasmid ɗin, wato zoben DNA masu ɗauke da umarnin, ba su da tsada, ana samu daga ma'ajiyar Addgene, irin pLKO.1. Sai ka zuba su a ƙwayoyin HEK293T su ƙera bairas, ka kwashe, ka sa wa ƙwayoyin dajinka, ka tace waɗanda suka karɓa da puromycin, maganin da ke kashe waɗanda ba su karɓa ba. Makonni ake yi, amma in ka samu ka samu ke nan.

Ɗorewar aikinsa babu na biyunsa, ajiyarsa kuma ta fi ta kowa wuya, firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili yake so, duk narkewa da sake daskarewa na rage ƙarfinsa. Haɗarinsa a kanka yake. Bairas ɗin na shiga ƙwayar mutum kamar yadda yake shiga ta faranti, don haka sai ɗaki mai matakin tsaro na biyu, da akwatin aiki mai tace iska, da bilic, da nisantar allura, musamman idan abin da kake rufe wa baki mai tsare jiki ne daga daji, kamar p53. Sai izinin kwamitin tsaron halittu na makarantarku, kuma aikin sauya gado na ƙarƙashin dokar NBMA, hukumar tsaron halittu ta ƙasa da aka kafa a 2015. Yawan shRNA ma guba ne, ɗakin Mark Kay a Stanford ya nuna a 2006 cewa yana kashe ɓeraye idan ya yi wa hanta yawa.

GalNAc

Sukari ne da ake ɗaura wa siRNA a wutsiya, ba ƙwanso ba komai, ƙwayar hanta ta karɓe shi ta ƙofar ASGPR. Magungunan givosiran na 2019, inclisiran mai rage kolestarol da ake yi sau biyu a shekara, da vutrisiran na 2022 duk haka suke, allura ce ƙarƙashin fata. Yana da juriya, aikinsa na watanni. Amma hanta kaɗai ya sani, ƙwayoyin dajin hanta kan rage wannan ƙofa, kuma sai kamfani ya ƙera maka shi da tsada. Ga yawancin masu karanta wannan, sani ne kawai.

| Hanya | Kuɗi | Ajiya | Tsawon aiki | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Lipofectamine | Matsakaici, ba inji | Firji | Kwanaki | Mafi sauƙi | Guba in an cika, ba na dabba ba |
| LNP | Mai yawa, ga awo | Firiza da firji | Kwanaki a ƙwayar daji, makonni a hanta | Sai horo da inji | Tarewa a hanta, tashin garkuwa |
| Citosan | Mafi arha | Kanta | Kwanaki | Mai sauƙi | Rauni, sakamako mai sauyawa |
| PEI | Arha | Kanta ko firji | Kwanaki | Mai sauƙi | Kashe ƙwayoyi |
| Lentibairas | Arha a filasmid, tsada a ɗaki | Digiri 80 ƙasa da sifili | Dindindin | Mai wuya | Ga mai aikin |
| GalNAc | Mai yawa | Mai juriya | Watanni | Allura kawai | Hanta kaɗai |

Wa ya dace da wanne

Idan tambayarka ita ce me zai faru da ƙwayar daji in aka rufe bakin umarni kaza, Lipofectamine za ka saya, ka bar LNP. Misali mai kyau a wurinmu shi ne HeLa, wadda ke ɗauke da HPV 18, bairas mai jawo dajin bakin mahaifa. Furotin E6 na bairas ɗin ke lalata p53, E7 ke danne Rb, wani furotin mai tsare jiki daga daji. Rufe musu baki ka auna dawowar p53, aiki ne da mai digiri na biyu zai gama a kan lokaci, ga shi ya shafi dajin da ke bin na mama wajen kama matan Najeriya, wanda saboda shi aka fara rigakafin HPV a Oktoban 2023.

Idan kai ɗan fannin haɗa magunguna ne, kuma ɗan aiken kansa ne abin bincikenka, fara da citosan. Sa Lipofectamine a gefe ya zama ma'aunin da za ka gwada naka da shi, ka ware kuɗin awon girma tun farko.

Idan kana buƙatar bakin ya zauna a rufe makonni, don kallon yadda ƙwayoyi ke kafa gungu ko girman ƙari a ɓera, lentibairas ne. In ɗakinku bai kai matakin ba, ka je inda ya kai a ƙera maka ƙwayoyin da suka riga suka karɓa, ka dawo da su, don su raino kawai suke buƙata.

LNP na mai digiri na uku ne ko ƙungiyar malamai da ke da tallafi irin na TETFund, wanda tambayarsa ta isa jikin dabba, musamman hanta. Ko shi ma sai ya fara tabbatar da siRNA ɗinsa a faranti da Lipofectamine, don kada ya ɓata maiƙo mai tsada a kan haruffan da ba sa aiki. Idan ƙarin nasa a ƙarƙashin fata yake, ya sa rukunin da za a yi wa allura cikin ƙarin kai tsaye, ya kuma auna saƙon a hanta da saifa, ba a ƙarin kaɗai ba.

Wanda kuma babu inkubeta mai tsayayyar wuta a kusa da shi, akwai aikin da ya fi masa duka waɗannan: ya nemi izinin kwamitin ɗa'a na asibiti, ya haɗa kai da likitocin sashen nazarin nama, ya auna waɗanne furotin ne suka yi yawa a ƙarin marasa lafiyarmu na Gombe da Bauchi. Naman da aka adana cikin kakin farafin ba ya buƙatar firiza, kuma abin da ya gano shi zai gaya wa mai LNP na gobe bakin da ya kamata ya rufe.